Zuwa ga ɗana, kan littafin da na saka maka a jaka

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan ka isa lafiya, ya karatu ya sanyin Zariya. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun ranar da zaka tafi, da naji ka daka wa almajirin nan mai mana wanke-wanke tsawa don kawai ya fantsa maka ruwa a takalmi, naga yaron ya durƙusa yana goge takalmin da bakin rigarsa hannunsa na rawa, ban ce maka komai ba ne saboda bana so in kunyata ka gaban ƙannenka.

Nima da haka nake, littafi ne ya gyara ni. Ina aji biyu a sakandare malaminmu na Hausa ya bamu Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta a Bauchi, aka buga shi a 1934. Da fitilar ƙwai na karance shi cikin dare biyu. Yaro ne aka sace yana ƙarami har aka ƙetara sahara da shi, uwar kuwa ta bazama nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta, ta sha wuya ba kaɗan ba, da ƙyar Allah ya haɗa fuskokinsu kuma bata jima ba ta rasu. Wallahi tun daga lokacin in naga yaro da kwanon bara uwarsa nake fara tunawa, tana can wani ƙauye ƙila ko barci ta kasa tana tunanin ko ya samu abin da ya ci. Wa'azin tausayi nasha jinsa, amma wannan dare biyu nayi ina zaune cikin zuciyar matar nan, shi yasa abin ya shige ni.

Waɗannan bidiyoyin da kuke ta shafawa a waya, kafin abu ya taɓa maka zuciya wani ya ture shi. Handawut ɗin lakca kuma jarabawa zai ci maka, ka riƙe shi da kyau, amma halinka ba ruwansa.

Littafin na ƙasan jakarka, ƙarƙashin ledar kilishi. Bangon ya yage na liƙe shi da salatif, dan Allah ka lallaɓa shi. Ko shafi biyar ne ka riƙa karantawa bayan Isha'i, in ka gama ka kira ni muyi hirarsa. Yaron nan kuma in ka dawo hutu ka nemi yafiyarsa.

Mamanku na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka