Ina Motocin Da?

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in huce kewa. Kwanan baya na hango wata tsohuwar Peugeot 504 a bakin titi, fentinta ya koɗe amma tana kan ƙafafunta, sai mahaifina ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Tasa 404 ce, mai giya a jikin sitiyari. Da sanyin safiya sai ya ja cok, ya murza makulli, ta yi tari ta yi shiru. Nan za a kira mu yara mu tura. Ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, ta zabura tana hayaƙi, mu kuwa muna ihu kamar mun ci gasa. Kujerar gaba doguwa ce, mu uku muke matsuwa a kai, babu mai zancen bel. Gilashi da hannu ake murzawa, iskar hanya ita ce na'urar sanyaya mu.

Maƙwabcinmu kuwa Volkswagen Beetle gare shi, inji a baya, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. Sai a 2003 aka daina ƙera irinta a Meziko.

Ban ce motocin yau ba su fi birki da tsaro ba, sun fi nesa ba kusa ba. Amma mahaifina da sifana ɗaya yake kwance fulogi ya goge, ya busa kafireta, mu kama hanya. Tawa kuwa da ta kunna wata fitila a makon jiya, sai da bakanike ya jona mata kwamfuta kafin ya san ciwonta.

Naka,
Wani tsohon mai karatu