Zuwa ga Maman Ilham a Manchesta

Assalamu alaikum ƙawalli,

Ya jego, ya sanyi, ya 'yar tawa? Saƙon muryar da kika turo min daren Talata na saurara na sake saurara, nace gara in zauna in rubuto miki yadda zaki karanta a nutse idan yarinya tayi barci.

Kince kina raba dare ido biyu ko da ita tana barci, abinci sai kin tilasta wa kanki, ki zauna kiyi ta kuka ba wanda ya taɓa ki, kuma abin da yafi tsaya min a rai kince wani lokacin kina kallonta kiji kamar 'yar wani ce aka baki riƙo, sai kuma ki hau zargin kanki wai ke ba uwa ta gari bace. Kika rufe da cewa ƙila imaninki ne yayi rauni.

A'a wallahi. Wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mace 1 cikin 10 masu ciki da masu jego suna fama dashi. Lokacin da kike da ciki akwai sinadaran jiki da suke hauhawa sosai, mabiyiya na fita sai su faɗo ƙasa cikin 'yan kwanaki, ga rashin barci ga jinin da aka zubar ga ciwon jiki. Shi yasa mata da yawa suke ɗan koke-koke a satin farko, amma wannan yana wucewa kafin sati biyu. Naki ya doshi sati bakwai kuma gaba yake yi, to ya wuce a ce miki kiyi haƙuri kawai. Maganar imani kuwa, Annabi Yakubu ai saida idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, wa zai ce imaninsa ne yayi rauni? Kici gaba da addu'a da azkar ɗinki, ki kuma nemi magani, ai Manzon Allah (SAW) da kansa yace a nemi magani.

Kuma ki duba halin da kika haihu a ciki fa. Da a gida ne da yanzu kina ɗakin Hajiya wankan jego, tun asuba an ɗora tukunyar ruwa da ganyen darbejiya, ana dama miki kunun kanwa ana gasa miki nama da yaji, yarinya na motsawa wata gwaggo ta ɗauke ta ta goya tace ke kwanta, 'yan barka na shiga suna fita har ki gaji da amsa gaisuwa. Ke kuwa haihuwar fari, ke kaɗai a sama cikin ɗaki biyu, Abban Ilham yana aikin dare ya dawo ya kwanta, rana ta faɗi tun ƙarfe huɗu bata yi ba, ba maƙwabciyar da zata leƙo tace ya kuka kwana. Ko a nan gida ma da duk wannan gatan mata suna yin ciwon, kawai dai sai a ce iska ce ko sammu, ayi ta hayaƙi da rubutu mace na shan wahala a ɓoye, abin yana min ciwo sosai.

Ga abin da nake roƙonki dan girman Allah. Nasan a can Ingila ana duba mai jego tsakanin sati shida zuwa takwas, kuma akwai ma'aikaciyar lafiyar nan da take zuwa gida tana auna yarinya. Idan suka tambaye ki ya kike ji karki yi musu irin namu na lafiya lau alhamdulillah kina murmushi, ki faɗa musu duk abin da kika faɗa min, harda na ji kamar ba 'yarki ba. Ƙila su baki wata takarda mai tambaya goma, tun 1987 aka tsara ta a Edinbara domin masu jego, ki amsa tsakaninki da Allah. Nasan tsoronki, wai kina buɗe baki zasu ƙwace yarinya, haka matanmu ke tsorata junansu a can. Ba'a raba uwa da ɗa dan tace tana cikin damuwa tana neman taimako, aikinsu su taimaka miki ki kula da abarki. Akwai zama da masanin halayyar ɗan Adam kuna tattaunawa, akwai kuma magani da ake ba masu shayarwa, sai dai yana ɗaukar 'yan satittika kafin kiji canji, karki sha kwana huɗu kice baya aiki ki watsar. Kice su duba miki jini ma, ƙarancin jini shima yana kawo wannan kasalar.

Wannan kuma ki riƙe da kyau, idan tunanin cutar da kanki ko ita ya taɓa zuwa miki, ko kika fara jin muryoyi, ba jiran safiya, ki kira 999 a take ki tashi mijinki.

Shi ɗin ma ki daina ɓoye masa wai kar ki ƙara masa nauyi. In kina jin nauyin faɗa ki miƙa masa wasiƙar nan ya karanta. Ranar da bashi da aiki ki tatsa nono ki bar masa ita kiyi barcin awa huɗu ko biyar a jere, da rana kuma ko sanyi ake ki naɗe ta a keken jarirai ki zaga unguwa kiga haske kiga mutane. Sannan kuyi maganar bizar Hajiya da gaske, ko wata biyu tayi muku.

Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan bashi kuka da daddawa da yajin jego. Zan kira ki ranar Asabar bayan azahar ɗinku, ki ɗauka ko kuka kike yi, kuma ina so inji kin riga kin kira asibitin kin karɓi rana.

Taki har kullum,
Maman Sadiq