Wasiƙa daga Melbon

Assalamu alaikum, mutumina,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da amarya. Shirun ya isa haka. Labarin ƙarin girmanka ma a bakin wani na ji! Allah Ya sanya albarka, amma ka sani akwai bashin tsire a wuyanka.

Ka tambayi ranar dawowata. Bari tukuna in gaya maka abin da ya hana ni barci: babi na biyu na kundin bincikena a kan mallakar ƙasa a nan Ostireliya. Malamin da ke duba aikina so yake in fara da ƙa'idojin adalci, in tsara yadda ya dace gwamnati ta raba ƙasa, sannan in auna Ostireliya a kai. Ni kuwa na ce wannan hanya ta yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba, don ta ɗauka ƙasar ta gwamnati ce, rabo kawai ya rage. To wa ya ba ta? Turawan Ingila sun sauka a 1788, ba yarjejeniya ba ciniki, aka mai da ƙasar tamkar marar mai ita.

Sai a 1992 babbar kotu ta rushe wannan da'awa a shari'ar Mabo, bayan shekara goma ana fafatawa. Shi kansa Eddie Mabo, ɗan asalin ƙasar da ya shigar da ƙarar, ya rasu 'yan watanni kafin hukuncin. Amma ji abin da ya biyo baya: 'yan asalin ƙasa ne za su kawo hujjar cewa alaƙarsu da ita, bisa al'adunsu, ba ta taɓa yankewa ba. Mutanen Yorta Yorta na bakin kogin Murray sun gwada, suka faɗi a 2002, wai al'adarsu ta katse. A kori mutum daga gidan ubansa, sannan a ce ya kawo shaidar bai taɓa daina kwana a ciki ba!

A nan ba a buɗe taro sai an ambaci Wurundjeri, masu ƙasar. Ranar nan wata dattijuwa cikinsu tana kusa da ni, ana ta ambaton kakanninta, ita ko kai sunkuye tana murza zoben hannunta. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don a 2023 ko majalisar ba da shawara da 'yan asalin ƙasar suka nema, ƙuri'ar raba gardama ta hana su.

Wai da gaske autan Goggo ya bar makaranta ya koma sayar da waya? Ka ja masa kunne don Allah. Alhajin layinku kuma an ce ya sake fitowa takara?

Ni dai na tsaya a kan bakana, da shari'ar Yorta Yorta zan buɗe babin. In ka shiga Kaduna ka leƙa Arewa House, ka nemo mini jawabin Gwamna Lugga a Sakkwato na 1903, inda ya ce da yaƙi Turawa suka ci ƙasa, don haka ta zama tasu. Namu sun tattara sun tafi a 1960, na nan kuwa zama suka zo yi, kuma wannan bambancin nake son nunawa.

Ka gai da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.