Sunan malam-buɗe-littafi a Jamusanci: madara ce asalinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta sharhin da kuka buga inda marubucin ya ce Jamusanci harshe ne mai kaushi, hujjarsa kuwa wai ko malam-buɗe-littafi sun raɗa masa Schmetterling, daga schmettern, wato rotsewa. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba nan ne asalin kalmar ba.

Shekara tara ke nan ina zaune a Leipzig, jihar Saxony, yankin gabashin Jamus inda kalmar ta fara yaɗuwa. Tushenta Schmetten ne, sunan da ake kiran maiƙon da ke tasowa a saman madara idan ta kwana. Shi kuma aro ne daga smetana na maƙwabtansu Czech, sunan da shahararren mai tsara kiɗansu Bedřich Smetana ke ɗauke da shi. An fara ganin Schmetterling a rubuce wajen 1501, amma sai a ƙarni na 18 ta game ƙasar. Kafin nan wasu na cewa Falter, wasu Sommervogel, tsuntsun bazara.

To me ya haɗa ƙwaro da madara? Mutanen karkara sun yi imani mayu ne ke rikiɗa su zama wannan ƙwaro, su sauka a bakin akushi su shanye maiƙon. Shi ya sa a wasu garuruwan ake kiransa Molkendieb, ɓarawon ruwan nono, ko Buttervogel, tsuntsun man shanu.

Ranar da wata tsohuwa maƙwabciyata ta ba ni labarin nan, kakata ce ta faɗo mini a rai. Da asuba take ɗaga faifai daga kan ƙwarya, ta leƙa kindirmo, in ta ga maiƙon ya yi kauri sai ta yi hamdala, domin a cikinsa cefanen ranar yake. Matan Saxony na wancan zamani irin fargabarta suka sha, kuma fargabar ce ta zauna a cikin sunan har yau.

Mu Hausawa kuwa fikafikansa muka kalla, muka ga almajiri na roƙon malam ya buɗe littafi. Da na fassara wa tsohuwar sunan da muke kiransa, sai da ta sa na maimaita mata sau uku, ta rubuta a bayan wata ambulan.

Ina roƙon ku buga wannan gyara, don ɗalibanmu masu koyon Jamusanci kada su haddace kuskure.

Naku,
Wani mai karatunku daga Leipzig, Jamus