Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa masu karatu a Indiya ta gudanar a bana.

Tarbar sababbin ɗalibai, raka su wajen takardun izinin zama, buɗa-baki da walimar Sallah duk an yi su lafiya. Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya a kan tukunya.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne zaman karatu na wata-wata, wanda muka keɓe ga 'yan Adivasi, ƙabilun dazuka da ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 100. Da farko wasu sun yi ƙorafi, suka ce ina ruwan biri da gada. Bakinsu ya mutu ranar da wata abokiyar karatunmu 'yar jihar Odisha ta zo mana da busasshen furen mahua a ƙulle cikin tsumma, da 'yan ganyen tendu da ake naɗe taba da shi. Ta ce da kuɗin waɗannan aka biya mata makaranta. Wani ɗan uwa daga Anka ya shinshina furen, ya ce to ai wannan ita ce ɗorawarsu da kaɗanyarsu.

Zama biyu muka yi kan tawayen 'yan Naxal, masu bin aƙidar kwaminisanci ta Mao da ke yaƙar gwamnatin Indiya, wanda ya samo suna daga ƙauyen Naxalbari inda ya ɓarke a 1967, daga baya ya yi sansani a dazukan Bastar na jihar Chhattisgarh. A can ne tsaunukan Bailadila masu arzikin tama suke. A 2005 aka kafa 'yan sa-kai na Salwa Judum da goyon bayan gwamnatin jihar don yaƙar 'yan tawayen, aka kwashe ƙauyuka zuwa sansanoni a bakin titi, wasu aka ƙone su, har sai da Kotun Ƙoli ta haramta ba matasan ƙabilun makamai a 2011. Su ma 'yan tawayen ba kanwar lasa ba ne: a Afrilun 2010 sun kashe jami'an tsaro 76 a Dantewada. Muna tsaka da wannan karatu, a watan Mayu, jami'an tsaro suka kashe shugaban 'yan tawayen, Basavaraju, a dajin Abujhmad. Mutumin ƙauye dai shi ke tsakiya, wannan ya kira shi ɗan leƙen asiri, wancan ya kira shi ɗan tawaye.

Zaman da ya fi zafi shi ne na Dokar Haƙƙin Mazauna Daji ta 2006, wadda ta ba taron ƙauye, gram sabha, ta cewa a kan dajinsa. A tsaunukan Niyamgiri na jihar Odisha dokar ta yi aiki. A 2013 Kotun Ƙoli ta mayar da maganar haƙar ma'adinin bauxite (wanda ake yin alminiyam da shi) da za a kai wa kamfanin Vedanta gaban 'yan ƙabilar Dongria Kondh mazauna wurin, ƙauyuka 12 suka zauna, duka suka ce a'a, aikin ya tsaya. A dajin Hasdeo na jihar Chhattisgarh kuwa, mutane sun taka kusan kilomita 300 zuwa Raipur, babban birnin jihar, a 2021 don nuna ƙin amincewa, amma ba a fasa sare itatuwa don haƙar kwal ba. Ni a ganina, da muke ta yabon Niyamgiri mun manta cewa sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin a tambayi masu dutsen.

'Yan Zamfara sun kawo batun gida: dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan zinare a 2010, haramcin haƙar ma'adinai na 2019, da ɗage shi a Disambar 2024. Masu karatun shari'a suka tunatar da mu cewa a Najeriya ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, kuma ba mu da taron ƙauye mai irin wannan ƙarfi. An tashi ba a daidaita ba kan ko tsarin zai yiwu a wurinmu.

Abu biyu ba su yiwu ba. Ziyarar Odisha ta rushe saboda asusu bai kai ba, ga shi an ja mana kunne cewa baƙo ba ya shiga waɗannan yankuna kai tsaye. Taƙaita dokar 2006 da Hausa kuma ta tsaya a rabi, jarrabawa ta ci mu. Muna neman mutum biyu su ƙarasa ta kafin azumi, masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin zaman Janairu.

Sakataren ƙungiya