Takardar Koke Kan Yaran 'Yan Ci-rani a Garin Gombe

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, ta hannun hakimanmu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwar ban girma, mu ne 'yan sa-kai, maza da mata, masu kula da yaran da iyayensu ke shigowa gari bayan kaka daga ƙauyukan Dukku, Nafada da Funakaye, suna raɓewa a kangaye da shagunan da ba a gama ba a Bolari, Pantami da kewayen Tashar Dukku.

Aikinmu awon tamowa ne. Muna ɗaura tef ɗin awo mai launin ja, rawaya da kore a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, asibiti za a kai shi, kunu ba zai yi masa ba. Na rawaya muke ba garin kunu: mudu 6 na gero, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. Sai an jiƙa waken an cire ɓawonsa, an tsince gyaɗar da ta yi funfuna, an soya kowanne daban kafin niƙa. In bai bushe sosai ba, garin tsami yake yi.

Ranka ya daɗe, inda aikin ke lalacewa shi ne bibiya. Yaron da aka ɗora a kan magani sai an auna shi duk mako, amma in mai kango ya tashi iyayensa, ko ruwan farko ya sauka suka koma gona, shi ke nan mun rasa shi. Garin ma uwa kan dama wa gida duka, kuma ba ma ganin laifinta.

Muna roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni su riƙa rubuta baƙin iyali da sunan ƙauyensu, a kuma ba mu zaure ɗaya a kowace unguwa na ranar awo. In za su koma, dagacinsu ya sami takarda domin asibitin can ya ci gaba. A kuma yi wa shugabannin firamare magana su karɓi yaran ko ba takardar haihuwa, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa ta 2004 ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka masu biyayya,
'Yan sa-kai na Bolari da Pantami