Rahoton kwamitin gyaran gotar layinmu a Nima, Accra: inda kuɗinku ya shiga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa na gida da na waje, wannan bayani ne daga kwamitin da kuka ɗora wa aikin gotar layinmu. Abin da muka yi alkawari, wato gina gotar daga bakin masallaci har inda ruwanmu ke faɗawa babbar gota, an gama shi, kuma damina guda ta wuce a kansa ruwa bai shiga ɗakin kowa ba. Da so samu ne, da tun ranar da aka cire katakon ƙarshe muka kawo muku wannan bayani. Mun yi jinkiri, a cikin jinkirin kuma magana ta yi yawa, a wajen suna, a majalisar shayi, a zauren WhatsApp. Har wata uwa ta tare ma'ajinmu ranar Laraba a tsakiyar kasuwar Nima, ta riƙe masa hannu ta ce ya faɗa mata tsakaninsa da Allah, wai da gaske ne kuɗin gota muka kwasa muka kai wa lauya. Tambayar ta yi masa zafi, amma haƙƙinta ne ta yi, domin daga cinikin kokonta ta cire abin da ta bayar.

An yanke shawarar aikin ne a cikin azumin 2022, bayan asham. Aka yanka wa kowane gida abin da zai kawo, 'yan haya rabin na masu gida. Aka yarda a zuba kankare da rodi maimakon jera bulo, tunda bulon da aka yi a da shi ne ruwa ya cinye. Aka yarda samarin layi su yi haƙa da dako, a biya su. Aka kuma ce ba a fitar da ko pesewa sai da sa hannun mutum biyu. Waɗannan ba wanda ya yi jayayya a kansu.

Akwai ƙaramin ƙorafi da za mu kawar tun yanzu. Wasu da suka turo ta MoMo sun ce abin da aka cire a wayarsu ya fi abin da ke kan rasit. Gaskiya ne, amma bambancin bai shigo hannunmu ba. Ranar 1 ga Mayu 2022 harajin tura kuɗi ta waya ya fara aiki, kashi 1.5 cikin ɗari a kan abin da ya haura sidi 100 a yini, kuma a lokacin mai turawa ne ke biya, ban da ladan kamfanin waya. Mu abin da ya iso shi muka rubuta.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mutane.

Mun haƙa, mun ɗaure rodi, mun zuba bangon gefe ɗaya har ya wuce rabin layi, sai magadan wani gida suka zo da taswirar filinsu da wasiƙar lauya, cewa bangon ya shiga ƙasarsu, in ba mu tsaya ba za su nemi kotu ta dakatar da mu. A nan dole mu faɗi kuskurenmu da bakinmu. Mun bi tsohon layin gotar muka faɗaɗa shi, mun tambayi dattijon da ke kula da gidan ya ce ba komai, muka ɗauka magana ta ƙare. Ashe shi riƙon gida aka ba shi, ba shi da ikon bayar da ko taƙi ɗaya. Masu gidan na ainihi, wasu suna Kumasi wasu suna waje, ba wanda muka tuntuɓa. Wannan laifin kwamiti ne, ba na wanda ya ba da kuɗi ba.

Duk wanda ya girma a Nima ya san yadda iyakokinmu suke. Tun shekarun 1930 da Malam Amadu Futa ya samu wurin nan daga iyalin Odoi Kwao, yawancin filaye da baki aka raba su, shaida ita ce bishiya ko dutse ko tsohon da ya ga an yi. Bishiyar an sare, tsohon ya rasu, gidan ya zama na jikoki ashirin. Shi ya sa taku biyu na ƙasa kan iya raba zumuncin shekara hamsin a unguwar nan.

A taron da muka kira a daren da wasiƙar ta zo murya uku aka ji. Samari suka ce a zuba sauran kankaren da dare, gari ya waye an gama, mai ƙara ya je ya yi ƙara. Wasu suka ce mu ma mu ɗauki lauya a haɗu a kotu, ai aikin jama'a ne. Kwamiti ya zaɓi na uku, a tsaya a bincika, kuma wannan zaɓin ne ake zarginmu da shi har yau, don haka ku ba mu dama mu yi bayaninsa a tsanake.

Da mun zuba da dare, kotu ta ba da umarnin dakatarwa, duk wanda ya sake ɗaga shebur a wurin ya raina kotu, kuma raina kotu yana kai mutum gidan yari. Sunayen da ke kan takardun aikin namu ne, samarin da ke haƙa kuma 'ya'yanku ne. Da mun tafi shari'a kuwa, kowa a garin nan ya san wani da maganar fili ta riƙe shi shekara da shekaru yana zirga-zirga. Duk tsawon lokacin ramin yana nan a buɗe a ƙofar gidajenku, da rodi a tsaye, yara suna wucewa makaranta ta gefensa. Mun auna wannan da kuɗin zama biyu da lauya, muka ga ba a ma haɗa su.

Lauyan da muka gani bai shigar da ƙara ba, bai kuma tsaya mana a gaban kowane alƙali ba. Shawara ya ba mu, ya amsa wasiƙar magada, ya rubuta yarjejeniyar sulhu. A zaman farko ya tambaye mu takardar izinin gini, muka ce ai gyara ne. Ya ce wanda ya ƙara faɗi ya ƙara zurfi ya canza hanyar ruwa ba gyara yake yi ba, sabon gini ne, kuma dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta hana a yi irin wannan aiki sai da rubutaccen izinin hukuma. In ba izini, hukuma na da ikon tsayar da aiki, har ta rushe. Duk mun saba ganin jan fenti a bangon mutane cewa a dakata a kawo izini, ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa gotar masallaci ma tana ciki ba. Wakilinmu na majalisa ya raka mu ofishin ƙaramar hukumar Ayawaso ta Gabas, muka cike takardu, muka biya abin da aka yanka, rasit yana nan. Injiniyan da ya zo duba wurin ya sa na'urarsa ya nuna mana cewa a tsakiyar layi gangaren da muka haƙa bai isa ba, ruwa zai riƙa kwanciya a wurin. Da mun rufe shi haka, da gidan sauro muka gina muku da kuɗinku.

Bayan haka muka ɗauki safiyo mai lasisi, aka kuma yi binciken fili a Hukumar Filaye. Wasu sun ce me ya sa ba mu kira mai awo na unguwa ba, wanda zai karɓi kaɗan. Dalili shi ne awon da ba na mai lasisi ba, ɗaya ɓangaren ba zai karɓa ba, hukuma ma ba za ta karɓa ba, sai a biya sau biyu. Sakamakon bai yi mana daɗi duka ba. A wani ɗan yanki magadan suna da gaskiya, bangonmu ya shiga da wajen taku biyu. A sauran tsawon kuwa hanyar jama'a ce, ba su da iko da ita.

Da wannan takarda aka zauna a zauren liman, da mai unguwa da manyan ɓangarorin biyu. Dokar sulhu ta 2010, mai lamba 798, ta san da irin wannan zama, shi ya sa muka nace a rubuta a sa hannu, kada a tashi da fatiha kawai wani jika ya zo bayan shekara goma ya ce bai ji ba. Muka yarda mu fasa yankin da ya shiga mu ja da baya. Su kuma suka yarda ruwan gidansu ya bi ta gotar, suka janye maganar kotu, har babbansu ya kawo nasa kason na gida. Muna roƙon jama'a a daina jifan wannan gida da magana. Haƙƙinsu suka nema, an ba su, sun kuma shigo cikin aikin.

Abin da ya ci kuɗi da gaske ba takardun ba ne, watannin da muka yi a tsaye ne. Kun san yadda 2022 ta kasance. A farkon shekara dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14 a hannun 'yan canji, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Masu yin siminti daga waje suke shigo da babban sinadarinsa, don haka duk motsin dala sai buhu ya motsa. Rodi ma haka, tifar yashi da tsakuwa kuma suna bin kuɗin man dizal. Lissafin da muka yi a azumi bai kai ko'ina ba da muka koma aiki. Ga kuma wata asara da ba za mu ɓoye ba: simintin da muka saya tun farko muka jibge a shagon da aka ara mana, danshin damina ya shige shi, buhunan ƙasa suka daskare. Magini ya ce a daka a haɗa da sabo. Muka ƙi, domin kankaren da zai zauna cikin ruwa ba a yi masa ha'inci. Buhunan suna nan a bayan masallaci, ba mu zubar ba, don mai son gani ya gani.

A dunƙule, fiye da rabin kuɗin ya tafi a siminti, rodi, waya, yashi, tsakuwa da katako. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ladan magina, kafinta, mai ɗaurin rodi da samarin haƙa ne, har da masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dako, da suka kwashe ƙasa da shara. Izini da safiyo da bincike da lauya, duka a haɗe, ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ragowar ita ce fasa bango da sake zuba shi. Ba ɗan kwamitin da ya karɓi lada, kuɗin mota ma daga aljihunmu ne. Jadawalin shiga da fita, sidi-sidi, yana manne a allon masallaci, an tura hotonsa a zaure, littafin rasit kuma yana hannun ma'aji. Duk mai so ya zo bayan la'asar ranar Asabar, za a buɗe masa shafi-shafi, kuma ba za mu ɗauke shi mai neman rigima ba.

Godiyarmu ta farko ga Alhajinmu mai shagon kayan gini, wanda ya hana a faɗi sunansa. Lokacin da farashi ke canzawa kowane mako, ya ba mu rodi bashi a kan kuɗin ranar da muka ɗauka, ya jira wata da watanni bai taɓa aiko yaro ba. Wanda ya san kasuwa a waccan shekarar ya san asara ya ɗauka da idonsa a buɗe. Allah ya sa a mizani, ya jiƙan mahaifansa. Hajiyarmu mai waakye ta ciyar da ma'aikata tun daga ranar haƙa har ranar cire katako, ko a kwanakin da ita kanta ciniki bai yi ba. 'Ya'yan layin nan da ke Amurka da Jamus da Italiya, ku kuka cike giɓin da ya buɗe bayan sulhu, kun turo ba tare da kun ga ko hoto ba, kun yarda da mu a lokacin da na kusa ke shakka. Iyayenmu mata na adashi sun ba da kwasa guda cur. Liman da mai unguwa sun ba da darare uku na barcinsu. Samarin da suka shiga cikin ƙazantar tsohuwar gota har gwiwa, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sana'a mai ɗorewa.

Sai dai aikin da ke gabanmu bai ƙare ba. Kuɗin ya tsaya kafin mu rufe yankin ƙasa, daga kwanar makarantar allo zuwa babbar gota. Can a buɗe yake, ya fi na da zurfi, kuma nan ne yara suka fi bi da safe. Mun shimfiɗa katako na wucin gadi, amma katako ba ya shekara a kan ruwa. Ana buƙatar murafun kankare, da ragar ƙarfe a bakin mahaɗa da za ta tare ledar ruwa da robobi. Ruwan da ya bar layinmu babbar gotar Nima yake bi, ya gangara ta wajen Circle ya shiga kogin Odaw, daga nan tafkin Korle sai teku. Waɗanda suka ga daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle mutum sama da 150 suka rasu, sun san inda sharar da muke zubawa a gota take ƙarewa. A layin nan akwai gidajen da suka yi zaman makoki a wancan makon.

Don haka muna roƙo, gidajen da ba su cika kasonsu ba su cika, ba za mu kira suna ba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo buhu ɗaya, ko sandar rodi ɗaya, ko ƙarfinsa ranar zuba. Mai son ɗaukar murfi guda da sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa da suka rasu, ya ga ma'aji a faɗa masa kuɗinsa na wannan mako. Izinin da ke hannunmu ya haɗa da wannan yanki, awon safiyo ma ya kai har can, magini ya ce in kaya sun haɗu mako biyu ya ishe shi. Muna so a zuba kafin ruwan Afrilu ya sauko. Yasar gota kuma tana nan Asabar ta farkon kowane wata bayan asuba, a fito da shebur da tsintsiya.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin kwamitin gyaran gota